Shan ɗan tsakuren ƙwayoyi masu sa gane-gane don maganin damuwa: me bincike ya gano, kuma mene ne hukuncinsa?

Tambaya:

Ni ɗalibi ne a Kanada, kuma na kusa shekara biyu ina fama da ciwon damuwa. Barci ya ƙaurace mini, karatu ya gagara, ko fita masallaci sai na yi da gaske. Wani abokin karatuna ya ba ni shawarar abin da suke kira maikurodosin, wato shan ɗan kaɗan ƙwarai na LSD ko na wani naman kaza mai sa gane-gane, duk bayan kwana biyu ko uku. Ya ce ba ya bugarwa, kuma kimiyya ta tabbatar yana warkar da damuwa. Shin gaskiya ne? Kuma ya halatta gare ni?

Amsa:

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, Ya yaye maka abin da ke damunka, da duk wanda ke karanta wannan yana cikin irin halinka, namiji ko mace. Malamanmu sun koyar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka zan fara da maganar abokinka cewa kimiyya ta tabbatar, domin a kanta sauran mas'alar ta rataya.

Abubuwan biyu ne aka fi sha. Na farko LSD, wanda wani masanin sinadarai mai suna Albert Hofmann ya haɗa a shekarar 1938 a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel a Suwizalan, daga wata fumfuna da ke kama wani hatsi dangin alkama. Bai san ƙarfinsa ba sai a watan Afrilun 1943, lokacin da ya sha maikirogiram 250 yana zaton ya sha kaɗan, ya koma gida a kan keke duniya tana juya masa. Maikirogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, ka ga irin ƙarfin abin. Na biyu silosibin, sinadarin da ke cikin wasu nau'o'in naman kaza, waɗanda wasu ƙabilun Meziko suka daɗe suna ci a bukukuwan bautarsu. Shi ma Hofmann ɗin ne ya ware shi a 1958. Kada ka haɗa su da zaƙami da muka sani a gida. Shi ma yana sa gane-gane, amma dangi daban ne, kuma ta wata hanya daban yake taɓa ƙwaƙwalwa.

Bayan abin ya bazu a tsakanin matasan Turai da Amurka, Amurka ta saka su a jerin ƙwayoyin da aka fi tsananta haramcinsu a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya da yarjejeniyar 1971, bincike kuma ya kusan tsayawa cak na shekaru masu yawa. Shi wannan shan tsakuren da kake tambaya sabon abu ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Fadiman, shi ya yayata shi a wani littafi da ya fitar a 2011, sannan ma'aikatan kamfanonin kwamfuta na Kalifoniya suka rungume shi suna cewa yana buɗe musu basira. Abin da ake nufi shi ne mutum ya sha kamar kashi ɗaya cikin goma, ko cikin ashirin, na abin da ke gusar da hankali, ya huta kwana biyu, ya sake. Lura da yadda abin ya faro: jama'a suka fara sha suna ba da labari, sai daga baya masu bincike suka biyo sawu suna neman su ga ko labarin gaskiya ne.

Yadda suke aiki a jiki kuwa sananne ne. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai kai saƙo da ake kira sirotonin, yana da hannu a barci da cin abinci da yanayin zuciya. Ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa suna da wurare na karɓarsa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. LSD da silosin (abin da silosibin ke komawa idan ya shiga ciki) suna kama da wannan mabuɗin, sai su shige ɗaya daga cikin kwaɗunan, wanda masana suka yi wa laƙabi da 5-HT2A, su buɗe shi. Idan an sha da yawa sai gani da ji su canza, lokaci ya rikice, mutum ya ji kamar iyakar da ke tsakaninsa da abin da ke kewaye da shi ta narke. Masu bincike a Jami'ar Yale sun nuna a 2021 cewa silosibin sau ɗaya ya ƙara 'yan rassan da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera ke haɗuwa da juna ta cikinsu da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Masu talla suna son ambaton wannan binciken. Abin da ba su faɗa shi ne a ɓera aka yi, kuma cikakken mudu aka ba ɓeran, ba tsakure ba.

To, ina maganar warkarwa? A nan sai ka fahimci wani abu da likitoci suka daɗe da sani. Idan ka ba marar lafiya ƙwayar da babu komai a cikinta sai sukari, ka ce masa magani ne mai ƙarfi, sau da yawa zai dawo ya ce ya ji sauƙi, kuma ba ƙarya yake yi ba. Fata da kyautata zato suna da tasiri a jiki, musamman a ciwon da ya shafi zuciya da tunani. Shi ya sa ba a yarda cewa abu magani ne sai an raba mutane gida biyu, a ba wasu na gaskiya, a ba wasu ƙwayar wofi, ba tare da mai sha ko mai bayarwa ya san wane ne wane ba. In na gaskiyar ya fi na wofin, to an samu magani. Wannan ya yi kama da abin da muka sani a ilimin hadisi: yawan masu ba da labari ba ya wadatarwa sai an tantance ta inda labarin ya zo.

Idan aka tambayi masu shan tsakure ta intanet, akasarinsu sukan ce sun samu walwala da natsuwa. Amma ga abin da ya faru da aka rufe musu ido. A 2021 masu bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan suka fitar da sakamakon wani gwaji mai dabara. Suka nemi mutanen da dama can suna shan tsakure, suka koya musu su ɗura abinsu a cikin kwanson magani da ba a ganin cikinsa, su bar wasu kwansunan babu komai, su zuba a ambulan mai lamba, su cakuɗa har su kansu su rasa gane wanne ne wanne. Mutum 191 suka kammala mako huɗu. Waɗanda suka sha na gaskiya sun ce rayuwarsu ta gyaru. Waɗanda suka yi wata guda suna haɗiyar kwanso fanko su ma haka suka ce, kuma tazarar da ke tsakanin ɓangarorin ba ta taka kara ta karya ba. Abin da mutum ya yi zaton ya sha ya fi tasiri a kansa fiye da abin da ya sha a zahiri. Wasunsu da aka buɗe musu lambobin sun sha mamaki matuƙa.

Wani zai ce ai wannan a gida aka yi, ba a auna abin da kyau ba. To an yi a ɗakin gwaji ma. A Jami'ar Shikago, a binciken da aka wallafa a 2022, an ba masu lafiya 56 LSD maikirogiram 13 ko 26 ko ƙwayar wofi, sau huɗu, ba a ga wani canji mai ɗorewa a yanayin zuciyarsu ko kaifin tunaninsu ba. A wannan shekarar dai, a Ajantina, an gwada rabin giram na busasshen naman kazar a kan mutum 34, sai aka ga tasirin da suke ba da labari ya fi fitowa ne ga waɗanda suka gane cewa na gaskiya aka ba su. A 2025 kuma aka fitar da gwajin da aka yi a Basel da Maastricht a kan mutum 53 masu lalurar rashin tattara hankali wuri ɗaya, mako shida, sau biyu a mako. Duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, LSD bai fi na wofi ba.

Adalci ya sa in ambata maka gwajin da ya fi ba masu wannan ra'ayi ƙarfi. A Jami'ar Auckland ta Niyu Zilan an ba maza masu lafiya 80 maikirogiram 10 na LSD ko na wofi, duk bayan kwana uku har mako shida, aka wallafa a 2023. A ranakun da suka sha, masu na gaskiya sun fi ba da labarin kuzari da farin ciki da jin kusanci da mutane. Ke nan abin ba banza ba ne gaba ɗaya, yana taɓa mutum. Sai dai da aka auna su a ƙarshen makonnin shida ba a ga abin da ya zauna ba, kuma wasu sun janye daga gwajin saboda fargabar da ya tayar musu. Ka riƙe waɗannan biyun, za mu dawo gare su wajen hukunci: yana taɓa mutum a ranar, kuma ba ya barin komai bayanta. Ka kuma lura cewa akasarin waɗannan gwaje-gwaje a kan masu lafiya aka yi su, alhali kai marar lafiya ne kake neman waraka.

Daga ina ke nan abokinka ya samo cewa kimiyya ta tabbatar? Ina kyautata masa zaton ya haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Akwai wani bincike na daban a kan cikakken mudu na silosibin, wanda ake ba marar lafiya sau ɗaya ko biyu kawai, a cikin asibiti, bayan an tantance shi an shirya shi, ƙwararru suna zaune kusa da shi na sa'o'i shida zuwa takwas. A babban gwajin da aka wallafa a 2022, an ɗauki mutum 233 waɗanda magungunan damuwa na yau da kullum suka gaza a kansu. Bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka ba miligiram 25 damuwarsu ta kwanta, a wani ɓangaren kuwa kashi 8 ne kacal. Wannan sakamako ne da ya ja hankalin likitoci, ko da yake tazarar ta ragu zuwa mako na 12, kuma an samu waɗanda tunanin kashe kai ya taso musu. A kan irin wannan ne Ostireliya ta ba wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta silosibin daga 1 ga Yulin 2023.

Yanzu ka tambaye ni me aka ba wancan ɓangare na kashi 8. Miligiram ɗaya na silosibin aka ba su. Wato tsakure. Haka ma a gwajin Kwalejin Imperial na 2021 da ya kwatanta silosibin da sanannen maganin damuwa escitalopram a kan mutum 59: miligiram ɗaya aka ba waɗanda ba a nufin silosibin ya yi aiki a kansu. Ashe abin da ake tallata maka a matsayin magani, shi ne masu binciken da kansu suka zaɓa ya tsaya a matsayin abin da ba a sa ran zai yi komai. A ganina wannan kaɗai ya isa amsa ga maganar abokinka.

Saura cutarwa. Wanda ya sha abu sau ɗaya a asibiti daban yake da wanda zai riƙa sha sau biyu a mako wata da watanni. Waɗannan sinadarai suna taɓa wani kwaɗon na daban, 5-HT2B, wanda ake samu a murafun zuciya. An taɓa janye maganin rage ƙiba fenfluramine daga kasuwa a 1997, aka janye pergolide na masu ciwon karkarwa a Amurka a 2007, duka saboda sun lalata murafun zuciyar mutane ta wannan ƙofa, kuma wannan ne ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da doguwar sha. Sannan masu gwaje-gwajen nan ba sa karɓar wanda ke da tarihin taɓin hankali, shi ko danginsa na kusa, ko mai ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, domin abin yana iya tayar da ciwon da ke kwance. An kuma samu rahotannin farfaɗiya ga waɗanda suka haɗa su da maganin lithium. Mai sayar maka a lungu ko a shago ba zai tambaye ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Awon ma kansa matsala ne. Naman kaza biyu daga tushe ɗaya ƙarfinsu yakan bambanta, LSD kuwa a jikin 'yar takarda ake ɗiga shi, ba mai iya raba maikirogiram da almakashi. Mutum ya yi niyyar tsakure, ya wayi gari a cikin aji ko a bayan sitiyari bango yana motsi. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun ƙirga mutum 180 da suka kwanta rashin lafiya bayan cin wasu cakulan da alewa da ake tallatawa da sunan tsakuren naman kaza, 73 aka kwantar a asibiti, aka kuma yi zargin mutuwar uku tana da alaƙa da su. Kada kuma shagunan da kake gani a buɗe a Toronto ko Vancouver su ruɗe ka. A dokar Kanada silosibin haramtacce ne, sai ta hanyar gwajin asibiti ko izini na musamman da likita ke nema wa marar lafiya.

Mu zo ga hukunci. Babu saɓani cewa mudun da ke gusar da hankali haramun ne a sha shi don nishaɗi ko neman wani hali, domin kiyaye hankali yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Maganar tana kan ɗan kaɗan. Hadisi ya tabbata daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, a wurin Abu Dawud da Tirmizi da Ibnu Majah, mai nuna cewa a duk abin da ke bugarwa, ƙanƙaninsa yana ɗaukar hukuncin mai yawansa. Malaman da suka ɗauki ganyayyaki masu juyar da hankali a matsayin masu sa maye, kamar yadda Ibnu Taimiyya ya yi game da wiwi, a wurinsu magana ta ƙare, tsakure haramun ne.

Amanar ilimi ta sa in gaya maka akwai wani bayani a mazhabarmu ta Malikiyya. Imam Ƙarafi, a cikin littafinsa Al-Furuƙ, ya raba masu taɓa hankali gida uku: mai sa maye, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa, mai ɓata hankali, wanda ke rikita shi ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantarwa, wanda ke ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. A bisa wannan rabon, haramcin ɗan kaɗan ya keɓanta da kashi na farko, sauran biyun kuwa abin da bai taɓa hankali ba daga cikinsu ba a hana shi ba. Wani zai iya cewa to ga ƙofa. Amma duba sharaɗin, sai idan bai taɓa hankali ba. Ka tuna gwajin Auckland da na Ajantina. Ɗan daɗin da ake samu yana zuwa ne a ranar da aka sha, kuma ya fi bayyana ga wanda ya ji abin a jikinsa. Idan ka rage har ba ka jin komai, babu shaidar ka fi mai haɗiyar kwanso fanko. Idan ka ƙara har ka ji, to ka taɓa hankalin, kuma da annashuwa ka taɓa shi, wadda ita ce siffar kashi na farko. Ga kuma rashin tabbacin awo, ga cutarwar da ake tsoro, ga saɓa dokar ƙasar da ka shiga da alkawarin kiyaye dokokinta. Saboda haka abin da na rinjayar shi ne bai halatta ka sha shi da kanka ba, ko a kan wane ɗaya daga cikin zantukan biyu.

Idan ka ce ai larura ce, magani nake nema, sai in ce maka malamai sun yi rangwame a kan abin da ke gusar da hankali don magani, kamar allurar barci wajen tiyata da magungunan kashe zafi masu ƙarfi, amma da sharuɗɗa: ciwon ya zama na gaske, ƙwararren likita amintacce ya rubuta, a rasa halastaccen da zai maye gurbinsa, amfanin ya zama sananne ko mai rinjaye, kuma a tsaya gwargwadon buƙata. Na farko kaɗai ka cika. Abokin karatu ba likita ba ne, amfanin bai tabbata ba, kuma ba ka ambata cewa ka gwada magungunan da aka sani sun gaza ba. Shi kuwa cikakken mudu a hannun likitoci, ga wanda komai ya gaza a kansa, mas'ala ce ta daban. Wanda ya kai wannan matsayi sai ya kawo bayanin likitansa a rubuce a duba halinsa shi kaɗai, kada a ɗauki wannan amsa a ɗora a kansa.

Abin da nake so ka yi a wannan makon shi ne ka je asibitin makarantarku ko wurin likitanka, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini ba tare da ragi ba, har da maganar barci da shekara biyun. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai sallar dare kamar yadda yake kama waninsa, kuma zuwa wurin likita ba ya rage tawakkali. Akwai magunguna da aka gwada a kan dubban mutane, akwai kuma zaman tattaunawa da ƙwararru wanda shi ma an tabbatar da amfaninsa. Magungunan sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, wani lokaci sai an canza na farko zuwa na biyu, don haka kada ka yanke ƙauna da wuri. Idan kuma kana kan wani magani yanzu, kada ka yanke shi kai tsaye sai da sanin likita. Ka sanar da mutum ɗaya da ka yarda da shi, a gida ko a cikin jama'ar masallacinku, domin kaɗaici a baƙuwar ƙasa yana ƙara wa wannan ciwo nauyi. In har tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. A Kanada ana kiran 988 dare da rana, ko ka nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Allah ne Mafi sani.